Sunan Ya Fara Isa Wurin Ejan

Yayata mace ce mai tsoron gaggawa. Tun muna yara, in Inna ta aike mu tare, ni ce a gaba da gudu, ita tana baya tana duba ko an ja ƙofa. Ita ce babba a ɗakinmu, ni ce auta, tsakaninmu akwai maza biyu da neman abinci ya kai su nesa, suka bar mu da tsohuwa.

Tana budurwa ta koyi buga keken rubutu a ofishin wani lauya. Da kwamfuta ta shigo, yawancin waɗanda suka koya tare suka koma gida, ita kuwa ta sayi gilashin ido ta zauna ta sake koyo daga farko. Mijinta direban babbar mota ne, ya rasu a hanya tana goyon 'yarsu Ummi. Bayan ta fita takaba ta ɗauko Inna suka kama haya a hawa na uku na wani bene, ta kuma kama ɗan shago a ƙasan benen, ƙarƙashin matakala. In ka miƙe tsaye a kusurwar baya sai kanka ya bugi siminti. Abin da ke ciki bai wuce injin fotokwafi ba, da kwamfuta biyu, da fanka mai ƙara kamar za ta tashi sama, da kujerar roba ta baƙi. Unguwar duka Anti Kwamfuta ake ce mata, har dattawan da suka haife ta.

Daga buga takardu ta zarce zuwa haɗa wa mutane shafin intanet: masu makarantu, masu kantin magani, wata mai ɗinkin labule. Duk wanda ta yi wa, magana ɗaya take sallamarsa da ita.

"Na yi wa sunan shafinka rajista, amma kada ka taɓa shi yau. Ka bar shi ya zagaya."

Wani mai makaranta ya taɓa ce mata, "Anti, suna ne ko mai tallan yadi, da zai zagaya?"

Ni malamar firamare ce, in an yi hutu nakan zo in taya ta zama. Wata rana na tambaye ta me zagayen yake nufi. Ta cire gilashi ta ce in ɗauka baƙo ne ya tare a unguwa. Akwai babban ofishi inda ake rubuta sunan kowa da lambar gidansa, amma ba wanda yake zuwa can kullum. Mai neman gida, mai kantin bakin layi yake tambaya. In mai kanti bai sani ba sai ya aika ofishi a tambayo, abin da aka gaya masa kuma sai ya riƙe, ya yi ta ba mutane wannan amsar ba tare da ya sake aikawa ba, har sai lokacin da aka ɗibar masa ya cika.

"Kowane kamfanin layi yana da irin wannan mai kantin, na'ura ce," in ji ta. "Kika rubuta sunan shafi a wayarki, ita ake tambaya. To, matsalar, Auta, in kika yi saurin tambaya kafin ofishi ya gama rubuta baƙon, za a ce mata babu mai wannan sunan. Sai ta riƙe babun. Duk wanda ke kan layinku ya zo, babu za ta ce masa, ko da baƙon ya riga ya shimfiɗa tabarma. Wani lokaci ɗan jim ne, wani lokaci sai a wuni."

Na ce ashe na'ura ma tana da taurin kai irin na Inna. Ta yi dariya ta mayar da gilashinta.

Benen nasu hawa huɗu ne sa'ad da suka tare. Mai shi ba wanda ya taɓa ganinsa, sai wakilinsa da kowa ke kira Ejan, mutum mai tsafta da taushin murya, wanda ba ya shiga wuri bai gaida kowa da sunan ɗansa ba. Wata shekara aka zo da bulo da rodi aka ɗora hawa na biyar, aka kuma aza manyan tankunan ruwa a samansa. Ba a daɗe ba ƙofofi suka fara cijewa. Ta banɗakin Inna sai an sa kafaɗa. Tayil ɗin daɓen falo ya ɗago a tsakiya kamar an hura masa iska. Sannan tsaga ta fito a jikin ginshiƙin da ke bayan shagon Yaya, siririya kamar zare, ta hau tana bin matakala.

A hawa na farko akwai wani tsoho, Baba Birkila, wanda ya yi rayuwarsa a aikin gini har bayansa ya ƙi. Shi ya fara daina barci a ɗakinsa na ciki. Ya kwaɓa ɗan siminti ya liƙa a kan tsagar, ya ce a zuba ido. Da liƙin ya tsage shi ma, ya kira Ejan. Ejan ya zo da mai fenti, aka cike wurin aka shafe, ya yi wa Baba godiya da kulawa. Kafin fentin ya daina wari tsagar ta dawo, yanzu tsinken ashana yana shiga.

Ran nan ina shago na ji Baba Birkila yana ce wa Yaya, "'Yata, ni ban yi boko ba, ban san lissafin injiniyoyi ba. Amma in na kwanta ina jin yashi yana zuba a cikin bango. Ki ɗauke mahaifiyarki daga sama."

"Baba, in kai ta ina? Kuma sauran mutane fa?"

'Yan hayan suka yi taro a tsakar benen. Mai aski, wanda shagonsa ke jikin na Yaya, shi ne mai bakin taron, mutumin kirki ne amma ba ya iya riƙe magana ko ta minti ɗaya. Ya ce ya samu wani matashin injiniya a ofishin masu duba gine-gine, yana yi masa aski. Injiniyan ya ce hotunan da ake tura masa ta waya suna ɓacewa cikin saƙonni, kuma maigidansa ba ya kallon abin da aka tura a guruf ɗin waya. A tara komai a shafin intanet guda, hotuna da bayanin kowane ɗaki, yadda zai buɗe a gaban maigidan nasa a taron da suke yi kafin azahar, ya kuma tura wa wata 'yar jarida da ya sani. Kowa ya juya ya kalli Yaya.

Ta yi kwanaki tana hawa da sauka, ɗaki ɗaki, tana ɗaukar hoto. Ta ɗauki silin da ya yi ciki, ta ɗauki rodin da ya leƙo ya yi tsatsa, ta ɗauki hannun Baba Birkila da yatsansa cikin tsagar. Ta shirya shafin tsaf. Sunan ne kawai aka yi ta gardama a kansa, wannan ya ce a sa kaza, wancan ya ce a'a, har sai da safiyar ranar taron injiniyoyin ta yi kafin a daidaita. Yaya ba ta so haka ba. Ta ce da an ba ta ko kwana ɗaya.

Ina zaune ta yi rajistar. Mai aski yana tsaye a bakin ƙofa da almakashi a hannu, ya karanta sunan a fuskar kwamfutar.

"Don Allah, maƙwabci, kada ka ba kowa tukuna," in ji Yaya. "Ni zan gaya maka in ya nuna."

"Haba Anti, ni yaro ne?"

Bai kai kujerar shagonsa ba wayata ta yi ƙara. Ya tura sunan a guruf ɗin 'yan haya. Daga baya muka gane bai tsaya nan ba, duk wata lamba da ke cikin wayarsa ya tura mata, ya ƙara da cewa a yaɗa.

Yaya ta dafe kai. Muna ji ana buɗe ƙofofi a sama. Matar hawa na biyu ta leƙo ta tagar matakala ta ce, "Anti, abin naku ya ce ba a samu shafin ba." Wani ya sauko da wayarsa a miƙe. Kusan duk benen layi ɗaya suke amfani da shi, don shi ne yake kamawa a cikin ɗakuna, kuma duk sun tambaya tun sunan bai zauna ba. Yaya ta yi ta ba su haƙuri, tana cewa su daina dannawa, zai zo. Suka koma suna gunaguni.

Can sai injiniyan ya kira mai aski. Shi ma layin wayarsa ɗaya ne da na mutanen benen. Ya ce ya buɗe a gaban maigidansa, allo ya nuna babu, maigidan ya kalle shi ya wuce zuwa magana ta gaba. Muryarsa har shagonmu muna jin ta, yana cewa an sa ya ji kunya, kada a sake kiransa sai an shirya.

Rana ta take. Unguwar ta yi shiru, wutar lantarki ta ɗauke, fanka ta tsaya, Yaya ta koma kan batir. A shirun nan ne na fara jin abin da Baba Birkila yake faɗa, wani ɗan sauti a bangon baya kamar ana zuba gishiri a takarda. Na kalli Yaya, ta kawar da kai.

Sai ga farar mota ta tsaya a ƙofar shago. Ejan ya fito, ya yi sallama, ya gaida ni da sunan babban ɗana, ya ja kujerar roba ya zauna ya gyara rigarsa. Ya tambayi jikin Inna. Sannan ya ciro waya ya ajiye a kan teburin Yaya, ya juya mata fuskarta.

Shafin ne, ya buɗe tas. Ga yatsan Baba Birkila a cikin tsaga.

Na duba tawa wayar a ɓoye ƙarƙashin mayafi. Ba a samu shafin ba. Muna ɗaki ɗaya, tsakanin wayata da tasa bai fi kamu biyu ba. Daga baya Yaya ta bayyana min: shi yana cikin waɗanda mai aski ya tura wa, amma bai duba saƙon da wuri ba, kuma layin ofishinsu na wani kamfani ne daban, wanda ba a tambayi na'urarsa da safe ba. Da ya danna, ta aika ta tambayo, aka ba ta adireshin daidai.

"Aiki ya yi kyau, Anti," in ji shi. "Wallahi hannunki yana da kyau. Har na ce wa yaran ofis, in za mu yi namu ke za mu ba."

Yaya ta ce, "Ginin ne ba lafiya, ranka ya daɗe. Ba da wata manufa muka yi ba."

"Na sani. Ai ke ba mai neman fitina ba ce, kowa ya shaida. Shi ya sa na zo da kaina ban turo kowa ba. Akwai waɗanda in sun ga wannan ba za su zo su zauna a kujera ba." Ya ɗaga kai ya kalli silin shagon. "Inna tana sama ko? Hawa na uku, ga ciwon gwiwa. In aka ce mutum ya kwashe kayansa yau yau, ai da wahala. Ummi kuma an girma, na gan ta jiya a bakin titi tana jiran mota, wajen gidan man nan. Kullum ita kaɗai take tsayawa?"

Yaya ta cire gilashinta ta dube shi.

"Me kake so a yi?"

"Ni? Ba na son komai. Ke dai kin fi ni sanin yadda ake sa abu, kin kuma san yadda ake cire shi. Zan ɗan zauna in huta, rana ta yi zafi."

Ya zauna kuwa. Ya ɗauki wata tsohuwar jarida yana fifita. Yaya ta juya ga kwamfutar, ta jawo madannanta. Ba ta goge sunan ba, hotunan da rubutun ta sauke. Ejan ya sake danna wayarsa, fari fat, ba komai. Ya miƙe, ya mayar da kujerar inda ya same ta, ya ce a gaida Inna da jiki.

Bayan la'asar sunan ya iso layin mutanen benen. Muka ji matar hawa na biyu tana kiran maƙwabciyarta, ya buɗe, ya buɗe. Sai kuma shiru. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kowa da farin allo a hannu. An ga motar Ejan a ƙofar shago, an kuma ga ya daɗe a ciki. Ba sai an faɗa ba, kowa ya haɗa lissafinsa.

Mai aski ne ya furta. "Anti, ashe haka za ki yi mana? Mu muka ɗauke ki uwa."

Na buɗe baki zan gaya masa wanda ya kai wa Ejan sunan, Yaya ta riƙe min hannu. Ta ce musu kawai, "Ku yi haƙuri. Ku ba ni lokaci." Wata ta yi tsaki. Baba Birkila yana zaune a kan matakala, can ya tashi ya shiga ɗaki, muka ji yana jan akwati.

Kafin magariba Yaya ta sa na kira maigidana ya zo da motar abokinsa. Inna ta ƙi sauka, ta ce ita ba ta ga abin da ginin ya yi mata ba, kuma ba za ta kwana gidan suruki ba. Yaya, wadda ban taɓa jin ta ɗaga wa Inna murya ba, ta ce, "Inna, ko ki taka ko in goya ki." A kan kujera aka sauko da ita, maza biyu suna riƙe, tana ta faɗa tana cewa a yi hankali da buhun garinta. Ummi ma a gidana ta kwana, kuma daga ranar maigidana ne yake kai ta makaranta ya ɗauko ta.

Washegari, da ta tabbatar sun zauna, ta kwashe kwamfutocinta daga shagon da rana tsaka, ta ce gyara za a yi musu. A kan tabarmar falona ta mayar da hotunan, duka, har da sababbi. Wannan karon ba jira. Sunan ya riga ya zauna a ko'ina, duk wanda ya danna sai ya buɗe. Ita da kanta ta kira injiniyan ta ba shi haƙuri, ta kira 'yar jaridar.

Abin da ya biyo baya bai zo da sauri ba, amma ya zo. Masu duba gini suka zo da hulunan kwano, suka ƙwanƙwasa ginshiƙai, ɗayansu ya fito daga bayan shagon Yaya yana kakkaɓe hannu, fuskarsa ba daɗi. Aka shafa jan fenti a bangon gaba, aka ce kowa ya tashi. Mutane suka watse, wasu gidan dangi, wasu bayan gari. Mai aski ya zo har gidana, ya tsaya a ƙofa yana murza hula, ya ce, "Anti, bakina ne, na sani." Ta ce komai ya wuce, ta sa aka kawo masa ruwa. Amma akwai waɗanda har yau ba sa gaishe ta. Wasu suna ganin ta sayar da su da farko, wasu kuma suna ganin ita ta raba su da muhalli.

Shagon ya tafi ke nan. Yanzu a ɗakin gaba na gidan da ta kama kusa da ni take aiki, taga a buɗe, injin fotokwafi a kan tebur ɗin cin abinci. An yi wata da watanni wayarta tana ƙara, in ta ɗauka sai numfashi kawai. Sau da dama mun ga farar mota ta tsaya a tsallaken layi, ba wanda ya fito, can ta tafi. Ta daina barin Ummi ta je ko kanti ita kaɗai. Ta rame, ta kuma koyi zama tana fuskantar ƙofa. Baba Birkila ya koma wurin 'yarsa, bai yi shekara ba ya rasu, a kan gadonsa, cikin gidan da ba bene ba.

Benen bai faɗi ba. An kewaye shi da kwanon rufi, aka ce magana tana kotu, aka sa mai gadi. Wasu tsofaffin maƙwabta in sun haɗu da Yaya a kasuwa sukan ce, "To Anti, ga shi nan dai tsaye." Sai ta ci gaba da cefanenta.

Shafin yana nan, duk shekara tana sabunta sunan. Sai dai wanda bai san sunan ba, ba zai neme shi ba.

Kwanakin baya muka bi ta layin benen a mota, za mu dubo wata 'yar'uwa a asibiti. Yaya ta ce wa direba ya dakata. An shafe jan fentin da wani fenti mai ruwan toka. An buɗe wata 'yar ƙofa a jikin kwanon ta gefen lungu, wata mata da ba mu sani ba ta fito da bokiti, da ganinta baƙuwa ce a garin. Yaya ta sauka ta nufe ta, mai gadin ya taso ya tare hanya, ya ce ba a shiga, ba a kuma tsayawa. Ta ce magana ɗaya za ta gaya wa matar. Ya ce an hana. Matar ta kalle mu, ta ja mayafinta ta koma ciki da sauri.

Yaya ta ɗaga kai. A barandar hawa na huɗu an ɗaura igiya, an shanya zannuwa da rigunan makaranta, da wasu 'yan ƙananan kaya na jariri. Sama da su tankunan ruwan suna nan, ɗaya yana ɗiga a jikin bango.

Ta dawo mota ta zauna. Ta tambaye ni ko ina da alli a jaka, irin wanda muke rubutu da shi a aji. Na ce akwai. Ta ce gobe in zo mata da kwali guda, za ta dawo da safe kafin mai gadin ya karɓi aiki, ta rubuta sunan shafin a jikin kwanon, daidai inda masu ɗiban ruwa suke bi.